Jibiya: A kai dashen itatuwa kasuwa, kusa da tumatir da albasa

Ranar Lahadi ce kasuwar Jibiya take ci. Tun da hantsi motoci da babura da kurayen shanu ke shigowa daga Katsina da Batsari da ƙauyukan kewaye, wasu kuma su tsallako daga Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ana cinikin gero da dawa da wake, ana cinikin awaki da tumaki, ga kwandunan tumatir da attaruhu da buhunan albasa. Da la'asar magidanci zai kama hanyar gida da cefanen mako a bayan babur. Abin da bai cika shiga cikin wannan kaya ba shi ne ɗan itace guda a leda, na mangwaro ko gwaba ko lemun tsami, wanda zai dasa a tsakar gidansa.

Wannan ƙaramin giɓi ne a ido, amma yana da alaƙa da manyan matsalolin da yankin ke kuka da su: zafi, iska mai yaye rufi, zaizayar ƙasa, tsadar kayan miya da rashin sana'a. Idan ana son itatuwa su dawo garuruwan bakin iyaka, hanyar da ta fi kusa ita ce dashe ya zama haja irin ta yau da kullum, a same shi inda ake sayen kayan miya, a farashin da talaka zai iya, kuma a lokacin da ya dace a dasa shi.

Dabarar manyan kantuna

A Ingila da Holan da Amurka, wanda ya shiga babban kantin kayan abinci yakan fara cin karo da bokitan furanni da tukwanen shuke-shuke tun daga bakin ƙofa. Yawancin furannin wardi da ake sayarwa a Turai a gefen tafkin Naibasha na ƙasar Kenya da kuma Habasha ake noma su, a ɗauke su a jirgin sama, da yawa su bi ta babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan. Na Amurka kuwa akasarinsu daga Kolombiya da Ekwado suke zuwa. A da, sayen fure sai an je shagon mai fure na musamman, kuma da tsada. Da manyan kantuna suka ajiye shi kusa da burodi da madara, suka sauke farashi, sai ya zama abin da mai ƙaramin albashi ke jefawa a kwandonsa ba tare da dogon tunani ba.

Babu wanda zai kawo shawarar a riƙa jigilar wardi zuwa Jibiya. Furen da aka yanke ba zai yi kwana biyu a zafin watan Afrilu ba, kuma ba ya cikin al'adar kyauta ta Bahaushe, wanda ya fi sanin goro da turare da atamfa. Darasin da ke ciki na kasuwanci ne. Waɗannan kantuna sun kawo shukar inda mai saye yake zuwa dama, sun sa mata kuɗi kaɗan, kuma suna sauya ta bisa ga yanayi, abin da ake dasawa a wannan wata shi ake gani a wannan wata. Dukkan dabarun nan uku babu wadda ta fi ƙarfin kasuwar Lahadi.

A biranen Arewa kuwa akasin haka ake yi. Masu renon itatuwa da furanni sun fi jeruwa a gefen manyan tituna da unguwannin masu hali a Kano da Kaduna da Katsina, inda mai mota zai tsaya ya zaɓi abin ƙawata harabar gidansa. Manomin da ya fi kowa buƙatar inuwa da 'ya'yan itace, sai ya biya kuɗin mota na kilomita arba'in da wani abu daga Jibiya zuwa Katsina kafin ya sami zaɓi mai yawa. Hausawa suka ce da rashin tayi akan bar arha. Mutum ba ya taya abin da bai gani ba.

Bikin dashe da abin da ke biyo baya

Ba yau aka fara yaƙi da hamada a wannan yanki ba. Tun a ƙarshen shekarun 1980 aka gudanar da babban shirin dashen itatuwa a Katsina da tallafin Tarayyar Turai ta wancan lokaci. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Nijeriya kuma ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. A Nijar, ranar 3 ga Agusta ta samun 'yancin kai ita ce kuma ranar dashen itatuwa ta ƙasa. Waɗannan shirye-shirye sun yi abin da suka yi, kuma jerin bedi da turare da ake gani a wasu hanyoyi shaida ce.

Sai dai kowa ya san yadda bikin dashe yakan ƙare. Babban baƙo ya zo, a miƙa masa shebur, a ɗauki hoto, a sanar da adadin dashen da aka raba. Bayan wata uku ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo, awaki su yi kalaci da ganyen, gara ta ƙarasa saiwar. Adadin da aka raba ake bugawa a jarida, adadin da ya kai damina ta biyu ba a cika jin labarinsa ba. Dalilin a fili yake. Itacen da aka dasa a filin da ba na kowa ba, ba shi da mai ba shi ruwa. Wanda aka ba mutum kyauta kuma, sau da yawa ba irin da yake so ba ne, kuma a makare yake zuwa, a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, lokacin da saiwa ba za ta sami isasshen danshi ta kama ƙasa ba.

Wanda ya cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi ɗan mangwaro kuwa, ya riga ya san ramin da zai sa shi. Zai kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo, uwargida ta riƙa zuba masa ruwan ɗauraya da na alwala, yara su san cewa taɓa shi laifi ne. Kuɗin da aka biya, komai ƙanƙantarsa, shi ne ke mai da itacen ya zama dukiya. Saboda haka tallafin gwamnati zai fi amfani idan aka zuba shi wajen sauke farashi a hannun mai reno, maimakon a mayar da dashen kyauta.

Jibiya tana da ruwa da hannaye

Abin da ya bambanta Jibiya da garuruwa da yawa na bakin iyaka shi ne madatsar ruwanta, wadda aka gina a kan kogin Gada domin noman rani da ruwan sha. Kogin nan shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, inda manoman Jiratawa suka yi suna wajen noman zogale. Renon itatuwa ba ya cin fili ko ruwa kamar noman shinkafa. Ɗan fegi kaɗan mai inuwa zai ɗauki dubban ledoji, ledar fiya wata da ake zubarwa a kwata ma tana yin aikin. Sauran kayan su ne ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, da ƙwallon mangwaro da 'ya'yan gwanda da ake yarwa bayan an sha.

Hannayen da za su yi aikin ma suna nan, da yawansu babu abin yi. Tattalin arzikin garin ya daɗe yana rataye da shige da ficen kaya ta Magama. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamban 2020, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, aka sake garƙame iyakar har zuwa Maris na 2024. Kowane rufewa yana barin 'yan dako da direbobi da 'yan acaɓa da masu abinci a zaune. Sana'ar reno ba ta jiran umarni daga Abuja ko Yamai. Mai saye yana cikin gari, ruwa yana bayan gari.

Akwai kuma abin da mutanen Jibiya ba za su manta ba, wato ambaliyar tsakiyar Yulin 2018 da ta hallaka fiye da mutum 40 ta rushe ɗaruruwan gidaje. Itatuwa kaɗai ba sa tsayar da irin wannan ruwa, magudanai da tsarin gini suna da nasu rabo. Amma gaɓar kogi da saiwoyi suka riƙe ta fi wadda aka aske jure wa zaizaya, kuma ƙasa mai itatuwa ta fi shanye ruwan sama.

Kowane wata da hajarsa

Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne tsakiyarta. Wannan shi zai tsara rumfar mai dashe. Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli lokacin manyan itatuwa ne: mangwaro, gwaba, lemun tsami, kashu, bedi domin inuwa, tsamiya da kuka da ɗorawa ga mai haƙuri da tunanin jikoki. Zogale da gwanda su ne na mai gaggawa, domin zogale a 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, gwanda kuma cikin shekara guda take haihuwa idan ta sami ruwa. Idan kaka ta wuce sanyi ya shigo, sai rumfar ta koma dashen tumatir da tattasai da albasa da latas da kabeji, wanda manoman rani suka riga suka saba saya a hannun juna. Abin da ya rage shi ne a sayar da shi ƙananan kashi, yadda matar aure za ta sa biyar ko goma a tsohon buhu ko fasasshen baho a tsakar gida.

Furanni ma suna da wuri, kuma ba baƙi ba ne kamar yadda ake zato. Zoɓon da ake sha a kowane gida daga kofaton fure ake samunsa, kuma Nijeriya tana fitar da shi ƙasashen waje, musamman Meziko. Lallen da ake yi wa amarya itace ne mai fure mai ƙamshi, yana yin shinge mai kyau, ganyensa kuma kuɗi ne. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna rayuwa a gwangwani. Sai kariya, itaciyar nan mai kumburarren gindi da jan fure da ke fitowa a busassun wurare na Sahel. Masu renon furanni a Tailan da Taiwan sun fitar da launuka iri-iri daga jikinta, ana sayar da ita a tukwane a kantunan Turai da Amurka. Shuka ce da ba ta neman ruwa da yawa, ta dace da harabar makaranta ko asibiti ko gidan mai, sai dai ruwan jikinta guba ne, dole a nesanta ta daga ƙananan yara.

Abin da masu ja za su ce

Na farko za a ce wanda ke neman kwanon gero ba ya tunanin itace. Gaskiya ne, kuma shi ya sa farashi ne zuciyar maganar. Idan ɗan zogale ko gwanda bai wuce kuɗin kashin tumatir ba, ya shiga lissafin cefane. Gidan da ke da zogale biyu da lemun tsami ɗaya ya rage abin da yake kashewa a kan miya da kwaɗo, kuma ganyen zogale abinci ne mai gina jiki a yankin da tamowa ke addabar ƙananan yara. Ga wanda ya yi niyya kuma, malamai sun daɗe suna ƙidaya dashen itace cikin sadaka mai gudana.

Na biyu matsalar tsaro. Shekaru da dama 'yan bindiga sun hana ƙauyuka da yawa na Jibiya zuwa gona, wasu suka yi hijira zuwa cikin gari, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi. Wanda bai da tabbacin kwana a garinsu ba zai dasa abin da sai bayan shekara huɗu zai ci ba, kuma babu rumfar dashe da za ta maye gurbin zaman lafiya. Amma tsakar gida da makaranta da masallaci da gefen kasuwa suna cikin gari, a nan za a fara. Duk ƙauyen da mutanensa suka koma kuma, dashen da suka ɗauka zuwa gida alama ce ta cewa sun koma da niyyar zama.

Na uku ya fi ƙarfi, kuma daga ƙetaren iyaka yake fitowa. A farkon shekarun 1980 wani masanin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tohon kututture ne masu rai da saiwa mai zurfi. Aka koma barin toho kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture ana sare sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa ba tare da an dasa ko ɗaya ba. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. To, in haka ne, mene ne amfanin sayen dashe?

Amsar ita ce kowanne da muhallinsa. A gona, sassaben zamani ya fi arha kuma ya fi tabbas, ya kamata manoman Katsina su rungume shi, musamman ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana kuma ya ƙara wa ƙasa ƙarfi. Amma a tsakar gidan da aka daɓe babu kututturen da zai toho, kuma mangwaro ɗan aure ko lemu ba ya fitowa da kansa. Nasarar Maraɗi ma tana ƙarfafa wannan hujja ce, domin abin da ya sa ta ɗore shi ne manomi ya gamsu cewa itacen da ke gonarsa nasa ne, shi zai amfana da shi.

Na huɗu, arha ba ta ado. Inda ciniki ya buɗe, maha'inci zai shigo, ya sayar da mangwaron ƙwallo da sunan ɗan aure, mai saye ba zai gane ba sai bayan shekaru. Ga kuma haɗarin cuta da ƙwari idan dashe da ƙasarsa suna tsallaka iyaka babu bincike, aikin da doka ta ɗora wa hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. Maganin duka biyun shi ne rumfa ta dindindin. Mai talla da ya zo yau ya ɓace gobe ba shi da sunan da zai kare. Wanda ake samu duk Lahadi a wuri ɗaya, ƙarƙashin ƙungiya da idon sarkin kasuwa, shi ake iya komawa wurinsa a yi masa ƙorafi.

Abin da mai saye zai duba

Kafin a biya, a duba wurin auren, wato tabon da ke ƙasan kara inda aka haɗa reshe da gindi. Idan babu shi, na ƙwallo ne. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo yakan kai biyar zuwa takwas, kuma ba lalle ya gaji daɗin uwarsa ba. A ɗaga ledar a duba ƙasanta. Idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an tsinke ta, dashen ya daɗe, zai sha wahalar kamawa. Mai tsayi sosai ba shi ne mai kyau ba, gajere mai kaurin kara da koren ganye marar tabo ya fi. A haƙa rami tun kafin a sayo, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa da yamma, a yi shinge a ranar. Rani na farko shi ne jarrabawa, wanda ya tsallake shi da ruwa sau biyu ko uku a mako yawanci ya tsira. Bedi da mangwaro kuma a nesanta su daga katanga da ramin masai.

Aikin hukuma kaɗan ne

Abin da ake buƙata daga ƙaramar hukumar Jibiya da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ba ya kai kuɗin biki guda. A ware layi a cikin kasuwa kusa da 'yan gwari, a yi masa rumfa da famfo ko tanki, a yafe kuɗin rumfa na shekarun farko. A ba ƙungiyoyin matasa da na mata fegi a gefen madatsar ruwa, malaman gona su koya musu auren itatuwa, a samar musu da iyayen itace nagari da za a riƙa yankar reshe. Idan gwamnati za ta dasa a makarantu da tituna, ta saya a hannunsu maimakon a ba ɗan kwangila ya kwaso daga nesa, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin aikin sai an ƙirga waɗanda suka rayu bayan shekara guda. Masu kantunan kayan masarufi da gidajen mai su ma za su iya ajiye ledoji ashirin a bakin ƙofa da damina, su raba riba da mai reno.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi. Idan ya fara aiki, garin zai ƙara cika, za a yanka sababbin filaye, za a sare wasu itatuwan. Mangwaron da za a zauna a inuwarsa a lokacin, a daminar bana ya kamata a saye shi, ranar Lahadi, tare da cefane.